Nora Bayes: Mawaƙiyar da Aka Yi Shekara 18 Ba a Binne Ta Ba

Assalamu alaikum, malamai da ɗalibai. Yau zan yi magana a kan wata mawaƙiya kuma 'yar barkwanci Ba'amurkiya, Nora Bayes, wadda aka haifa a 1880 ta rasu a 1928, kuma zan fara ne daga makwancinta, domin a ganina a nan labarinta ya fi ban mamaki.

Maƙabartar Woodlawn da ke unguwar Bronx a birnin New York wuri ne na manyan mutane, inda ake gina wa mamaci ɗaki sukutum da dutsen marmara. Da ciwon daji ya kashe Nora a watan Maris na 1928, can aka kai gawarta, aka sa ta a ɗakin ajiyar gawa na wucin gadi, wanda aka tanada don 'yan makonni kafin a shirya kabari. Ta yi shekara 18 a wannan ɗaki. Sai a 1946, da mijinta na biyar, Benjamin Friedland, ya mutu, aka haɗa su aka binne, kuma ko dutse ɗaya ba a kafa da sunanta ba har zuwa 2018, lokacin da masu sha'awar tsofaffin faya-fayen garmaho suka tashi tsaye aka yi mata. Mu da muke binne mamaci a ranar da ya rasu, rashin alama a kabari ba baƙon abu ba ne gare mu. Jinkirin binnewar shi ne abin da ke ɗaure kai.

To wace ce ita? Sunanta na yanka Eleonora Goldberg, 'yar gidan Yahudawa. Ta yi tashe a wasannin dandamali da Amurkawa ke kira bodabil, inda a zama guda mawaƙi zai fito, mai rawa ya biyo shi, mai wasa da dabbobi ya karɓa, kowa da 'yan mintocinsa, wanda kuwa bai kama 'yan kallo nan take ba ya rasa gurbinsa. Nora ta iya haɗa waƙa da zolaya, har ta shiga sahun matan da aka fi biya kuɗi a wannan sana'a. A 1908 ita da mijinta na biyu, Jack Norworth, suka rera "Shine On, Harvest Moon" a Ziegfeld Follies, wani babban wasan dandamali na New York, waƙar ta game ƙasa. A 1917, da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, ita ce ta naɗi waƙar "Over There" a faifai, kuma ba da jimawa ba aka sa wa wani gidan wasa a New York sunanta tun tana raye.

Wanda ya rubuta waccan waƙar yaƙi, George M. Cohan, ya rasu a 1942, aka sa shi a ƙasaitaccen ɗakin dutse na danginsa a Woodlawn ɗin nan, alhali Nora tana ɗakin ajiya a maƙabarta guda, da sauran shekara huɗu kafin a kai ta ƙasa.