Na'urar Raba Sauti: Yadda Ake Saita Ta Tsakanin Mikisa da Amfilifaya

An rubuto wannan daga faifan laccar da wani tsohon ma'aikacin sauti ya gabatar wa masu sana'ar hayar lasifika da yaransu a Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena da ke zaune a gaba, da 'yan'uwana abokan sana'a, da ƙannenmu masu koyo, ina yi muku barka da zuwa. Abin da aka nemi in yi magana a kai shi ne wannan siririyar na'ura da ke kan teburi, wadda muke kira furosesa, wasu kuma suke ce mata kurosoba saboda ɗaya daga cikin ayyukanta, wato raba sauti mai kauri da siriri tsakanin lasifikoki. Da yawa daga cikinku sun saye ta da tsada, sun ɗaure ta a cikin akwatin kaya, amma tun ranar da mai shago ya danna musu wani saiti ba su sake taɓa ta ba, alhali lasifikokin da suke jona mata yau ba su ne na ranar nan ba.

Mazauninta yana tsakanin mikisa da amfilifaya. Murya takan shiga makirufo ta wuce mikisa, daga nan ta faɗa cikin furosesa, inda ake mayar da ita lambobi, a yi lissafi a kansu, sannan a sake mayar da ita sauti a fitar ta ƙofofi daban-daban zuwa amfilifayoyi. Waɗanda kuka fi gani a hannun mutane su ne dbx DriveRack PA2, mai ƙofar shiga 2 da ƙofar fita 6, da Behringer DCX2496, mai ƙofar shiga 3 da ƙofar fita 6, wadda take auna sautin da ya shigo mata sau 96,000 a kowane sakan. Ina so ku riƙe tun yanzu cewa ba ta ƙara wa kayanku ƙarfi ko kaɗan. Aikinta shi ne ta ba kowace lasifika rabonta na sauti, ta sa mata iyakar da ba za ta ƙetare ba, ta kuma tsara lokacin da za ta yi magana.

Ni da asara na koyi wannan. Wata shekara an ɗauke ni aikin walimar aure a wani gari na kusa da Argungu, na tafi da sababbin akwatuna huɗu, na jona su da furosesar da na aro ba tare da na duba abin da ke cikinta ba. Ashe mai ita ya bar ƙofofi biyu na ƙarshe a buɗe, suna fitar da sauti gaba ɗayansa. Ba a yi minti ashirin da fara kiɗa ba sai muryar mai gabatarwa ta koma kamar yana magana daga cikin tulu. Da na kwance ƙahon akwati ɗaya da safe, wato ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti, warin ƙuna ne ya fara tarbo ni, siririyar wayar da ke naɗe a jikin dayafram, ɗan faifan da ke girgiza ya fitar da sauti, ta yi baƙi ƙirin, ina taɓa ta da farce tana zuba kamar toka. Haka na samu sauran ukun.

Dalilin wannan ƙuna shi ne abu na farko da ake saitawa, wato rabon sauti. Sauti girgizar iska ce, kuma ana ƙidaya yawan girgizar a sakan ɗaya da ma'aunin Hz. Kunnen matashi mai lafiya yana jin abin da ya kama daga 20 zuwa wajen 20,000. Babbar lasifika mai inci 18 da ke cikin akwatin bes, wato na sauti mai kauri, an yi ta ne domin ta tura iska mai yawa a hankali, saboda haka akan tsayar da ita a wajen 80 zuwa 120. Shi kuwa ɗan dayafram na ƙaho motsinsa ƙanƙane ne ƙwarai, kuma idan aka tura masa dukan ganga mai kauri, to an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Kamfanin da ya ƙera shi yakan rubuta mafi ƙasƙancin wurin da za a yanka masa, sau da yawa tsakanin 1,200 da 2,000, kuma wannan lambar ita za ku bi. Idan akwatinku na sama yana da nasa kurosoba a ciki, to rabo biyu kawai za ku yi a furosesa, bes da sama.

Bayan kun zaɓi wurin yanka, na'urar za ta tambaye ku irin gangaren, za ku ga BW ko LR tare da lamba 12, 18 ko 24. BW sunan Stephen Butterworth ne, Baturen Ingila da ya wallafa lissafinsa a 1930, LR kuwa Siegfried Linkwitz da Russ Riley ne, waɗanda tsarinsu ya fito a 1976. Desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne, kuma lambar tana nuna desibel nawa sauti zai ragu duk lokacin da girgiza ta ninka ko ta rabu biyu daga wurin yankan. Ina ba ku shawarar LR 24, domin a daidai mahaɗar kowane ɓangare yana sauka da desibel 6, idan suka haɗu a iska sai su koma daidai ba tudu ba kwari, alhali a tsarin BW kowanne yana sauka da 3 ne kawai, sai sau da yawa a samu kumburi a wurin. Kada kuma ku manta da yanke ƙasan bes ɗin kanta a wajen 35 zuwa 40, gwargwadon akwatin, saboda abin da ke ƙasa da haka yana sa takardar bakin lasifika ta yi ta kai da komo ba tare da jama'a sun ji wani abin kirki ba.

Kafin mu wuce, ku tabbatar duk lasifikokin suna tura iska gefe ɗaya. Ku ɗauki ƙaramin batirin tocila, ku taɓa kansa mai alamar tarawa da jar waya, gindinsa da baƙar waya, za ku ga takardar ta yunƙuro waje. Wadda ta shige ciki an juya mata waya, kuma idan aka jera ta da 'yar'uwarta sai su cinye bes ɗin juna. Wannan gwaji na manyan lasifikoki ne, kada a yi wa ƙaho.

Yanzu mu zo kan limita, mai hana sauti wuce iyakar da aka sa masa, wanda a ganina shi ne ya fi cancantar kuɗin da kuka biya. Ga lissafin, kuma ina roƙon ƙannenmu su rubuta. A ce lasifika tana ɗaukar wat 500 na aiki mai ɗorewa, juriyarta kuma om 8. Ku ninka 500 da 8, ku samu 4,000, sannan ku nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da haka, wato kusan 63. Ma'ana, bolt 63 ne iyakar abin da ya kamata ya isa wayarta. Sai ku duba takardar amfilifaya ku ga sau nawa take ninka abin da aka ba ta. Idan an rubuta desibel 32, to ninki 40 ke nan a ƙiyasce. Ku raba 63 gida 40, za ku samu kusan bolt 1.6, kuma a ma'aunin dBu da yawancin waɗannan na'urori suke amfani da shi, inda sifili yake daidai da bolt 0.775, wannan ya kama kusan 6. To a nan za ku kafa limita, ni kuma nakan sauko da desibel 1 ko 2 ƙasa da haka. Dalilina shi ne yanayinmu. Wayar cikin lasifika tana ɗumama da aiki, ga zafin Afrilu da yake haura digiri 40, ga janareta da ƙarfinsa yake faɗuwa idan kaya sun yi masa yawa, kuma amfilifayar da ba ta samun cikakkiyar wuta tana saurin datse kan sauti. Wannan datsewa ita ce jar fitilar nan ta jikin amfilifaya take nunawa, kuma sautin da aka datse wa kai yana ɗauke da zafi da kaifi fiye da abin da ƙaho zai jure. Ku lura da cewa lambar wat da ake mannawa da manyan haruffa a jikin kwali sau da yawa ta ɗan ƙiftawar ido ce, don haka ku nemi ta aiki mai ɗorewa a cikin takarda. Haka nan idan yaro ya murɗa maɓallin amfilifaya bayan kun gama, ko aka sauya amfilifayar da wata, lissafin ya tashi, sai an sake.

Abu na gaba shi ne jinkiri, kuma masu aikin filin idi da wuraren tafsiri su ne suka fi bukatar sa. Sauti yana tafiyar mita 343 a sakan idan zafin iska digiri 20 ne, wato kowace mita tana cin kusan milisakan 3 (milisakan 1,000 ne sakan ɗaya), alhali abin da ke tafiya cikin kebul yana isa nan take. Idan kun kafa lasifikoki kusa da liman, kuka kafa wasu a mita 40 cikin sahu, mutumin da ke baya zai fara jin ta kusa da shi, sannan bayan kusan milisakan 117 ta gaba ta iso masa da kalmar da ya riga ya ji. Shi ya sa dattawa suke cewa ana jin ƙara amma ba a gane huɗuba. Maganin shi ne ku auna tazarar da igiyar awo, ku jinkirta layin baya da wannan adadi. Wani masani Bajamushe, Helmut Haas, ya nuna a binciken da aka buga a 1951 cewa idan sauti biyu iri ɗaya suka iso kusa da juna, kunne yana jingina su ga wanda ya riga isowa. Saboda haka nakan ƙara milisakan 10 zuwa 15 a kan lissafin, domin mai saurare ya ji kamar muryar daga wurin liman take fitowa. Zafi ma yana da hannu a ciki: a digiri 40 gudun sauti yana kai wa mita 355, sai mita 40 ɗin nan ta koma kusan milisakan 113. Wanda ya saita da sanyin asubahin hunturu ya san akwai ɗan bambanci da azahar ɗin bazara. Ku duba takardar na'urarku kafin ku karɓi irin wannan aiki, domin a wasu jinkirin ƙofofin fita ɗan kaɗan ne, an yi shi ne don daidaita bes da akwatin da ke kanta kawai.

Sai a ƙarshe ake taɓa ikwalaiza, mai ƙara ko rage wani ɓangare na sauti, kodayake na san ita kuke fara murɗawa. Ku fi yawan ragewa a kan ƙarawa, domin ƙarin desibel 3 yana neman ninkin wat daga amfilifaya. Idan makirufo yana kuka, ku nemo daidai wurin kukan ku rage shi da siririn yanka, amma kafin haka ku mayar da makirufon bayan lasifika. Masallacin da aka shafe da tayil daga ƙasa har bango yana maimaita murya, kuma babu maɓallin da zai hana bango amsawa. Abin da ke taimakawa shi ne darduma da labule, da karkata lasifika ta fuskanci mutane. Wasu na'urori suna iya gyara kansu idan aka jona musu makirufon awo, kuma wannan mafari ne mai kyau, sai dai bayan sun gama ku sa karatun da kunnenku ya saba da shi, ku zagaya wurin da ƙafa.

Idan komai ya zauna, ku adana saitin da sunan da za ku gane, na fili daban, na zaure daban, ku sa mabuɗin sirri. Wajen kunnawa a fara da mikisa, sai furosesa, amfilifaya ce ta ƙarshe. Wajen kashewa kuma ita ce ta farko, domin ƙarar da ke fita lokacin da na'ura take tashi kada ta sami hanyar zuwa lasifika. A lokacin hunturu ku riƙa busa ƙurar da ke taruwa a kafofin iska.

A nan wani matashi ya ɗaga hannu ya ce: "Baba, mu a masallacinmu lasifikar ƙarfe ce mai bakin kakaki a kan hasumiya, ita ma tana bukatar wannan na'ura?"

Ɗana, tana amfana da ita ƙwarai. Irin wannan lasifika an yi ta ne don murya, ba ta iya fitar da sauti mai kauri, kuma hucin bakin ladan idan ya matso da makirufo shi ne yake yawan kashe ta. Ka ware mata ƙofa ɗaya, ka yanke duk abin da ke ƙasa da 250 ko 300, ko inda takardarta ta nuna, ka kafa mata limita da lissafin da muka yi. Idan kuma layin bolt 100 kuke amfani da shi, mai ƙaramar taransifoma a jikin kowace lasifika, to wannan yankan ya zama dole, saboda taransifomar tana ƙoshi da sauti mai kauri ta jawo wa amfilifaya nauyi. Lasifikokin cikin masallaci ka ba su ƙofa ta daban da amfilifaya ta daban, domin ka iya rage ta hasumiya bayan kiran salla ba tare da ka taɓa abin da masu sahu suke ji ba.