Michigan: Daga Birnin Motoci Zuwa Tsibirin Da Mota Ba Ta Shiga

Jama'a, barkanmu da warhaka. Yau mun nufi Michigan, jihar da ke arewacin tsakiyar Amurka, kan iyaka da Kanada. In kuka dubi taswirar jihar, ruwa ne ta ko'ina. Cikin manyan tafkuna biyar na yankin, huɗu suna taɓa jihar: Superior, Michigan, Huron da Erie. Ruwan daɗi ne, amma in ka tsaya a wannan gaɓa ba ka hango waccan.

Yawancin baƙi a Detroit suke sauka, birnin da ya yi suna da ƙera motoci. A nan kamfanin Ford ya fitar da motar Model T a 1908, wadda ta sa mota ta zama abin da ma'aikaci zai iya saya. Kusa da birnin, a garin Dearborn, akwai gidan tarihi na Henry Ford. Kada ku ɗauka motoci kaɗai ke ciki. A nan aka ajiye ainihin bas ɗin da Rosa Parks, baƙar fatar da ta shahara wajen yaƙi da wariyar launin fata, ta ƙi tashi ta ba farar fata kujerarta a birnin Montgomery na jihar Alabama, a 1955. Ana barin mutum ya shiga ya zauna. Ni dai, ko don wannan bas kaɗai, zuwa wurin ya cancanta. Ita ma Rosa Parks daga baya Detroit ta dawo da zama, a nan kuma aka binne ta a 2005.

Dearborn ɗin nan kuwa, matafiyi Musulmi ba zai sha wahala ba. Larabawa daga Labanan, Yaman da Iraƙi sun daɗe a garin, na farkonsu da yawa aikin masana'antar Ford ne ya kawo su. Ku bi titin Warren: gidajen burodi, gasasshen nama na halal, kayan zaƙi, rubutun Larabci a jikin shaguna. Masallatai ga su nan. A Hamtramck ma, ɗan ƙaramin gari da Detroit ta kewaye, tun 2004 aka amince a kira salla da lasifika.

Masu sha'awar kiɗa su leƙa ɗan gidan da kamfanin waƙoƙi na Motown ya faro a Detroit a 1959. Sannan a ɗauki hanya.

Domin wanda ya tsaya a Detroit kawai, bai ga rabin Michigan ba. Ku yi arewa. A gaɓar tafkin Michigan akwai Sleeping Bear Dunes, tuddan rairayi kamar na hamadar Agadas, sai dai a ƙarƙashinsu shuɗin ruwa ne shimfiɗe. Wani tudun ya haura mita 130. Gangarawa ba wuya, hawowa ce aiki, don haka a auna ƙarfi tukuna. Garin Traverse City na kusa, inda ake noman 'ya'yan ceri, har biki ake yi musu a watan Yuli.

In kuka ƙara gaba za ku tarar da gadar Mackinac, mai tsawon kusan kilomita 8, wadda aka buɗe a 1957 ta haɗa ɓangarorin jihar biyu. Daga gindinta ake shiga jirgin fito, cikin kamar minti 20 sai ga tsibirin Mackinac. A jihar motoci, ga wurin da aka hana mota tun 1898. In ban da 'yan motocin aiki irin su ta asibiti da ta kashe gobara, keke da keken doki ne ababen hawa a lokacin zafi. Kayan otal, akwatunan baƙi, har shara, doki ke ja. Ku yi hayar keke ku zaga tsibirin, kilomita 13 ne, ruwa na gefenku har ku dawo. Sama da gari kuma ga ganuwar sojan da Turawan Ingila suka gina wajen 1780.

Lokacin zuwa shi ne Yuni zuwa Satumba. Daga ƙarshen Oktoba yawancin otal-otal na tsibirin rufewa suke, sanyi da dusar ƙanƙara su kankama. Ko a Yuli ma ku riƙe rigar sanyi, iskar tafki da yamma tana ratsa jiki.