Allura ɗaya, ɓeraye biyu: abin da ɗakin gwaji ya nuna kan amosanin gaɓɓai

Masu saurare, assalamu alaikum. Da zarar hunturu ya kama, daga Marwa har Garwa sai kukan gaɓɓai, kuma kowa amsarsa ɗaya: sanyi ne ya shiga ƙashi. Ciwon gaɓɓai iri-iri ne. Wanda sharhinmu na yau ya dosa shi ne amosanin nan da ke kumbura yatsun hannu dama da hagu lokaci guda, mace ta tashi da asuba hannunta a sage sama da awa ɗaya, ko buta ta kasa riƙewa. Wannan ba sanyi ke haddasa shi ba, garkuwar jiki ce ta juya wa mai ita baya. Kaso mai tsoka na abin da aka sani kan yadda take yin haka, a jikin ɓeraye aka gano shi.

Tun 1980 masana suka iya sa wa ƙaramin ɓera wannan ciwo da gangan. Ana samun kolajin nau'i na biyu, wato sinadarin da ya fi yawa a guringuntsi, daga saniya ko kaza. A narkar da miligiram 2 a kowace mililita ta ruwan tsami mai rauni, ya kwana cikin firji a kan digiri 4. Washegari a haɗa shi daidai wa daida da man Freund, wani mai da ke ɗauke da matattun ƙwayoyin tarin fuka, a yi ta bugawa har ya yi fari ya yi kauri kamar kindirmo. Kafin a taɓa dabba sai a ɗiga ɗigo ɗaya a kan ruwa. In ya tsaya cur, haɗin ya yi. In ya watse, a koma bugu. Kowane ɓera, ɗan mako takwas zuwa goma, ana yi masa allurar maikurogiram 100 cikin fata kusa da gindin wutsiya, a maimaita a rana ta 21. Daga kusan rana ta 26 zuwa ta 35 tafukan ƙafa za su fara ja da kumburi. Kowace ƙafa ana ba ta maki daga 0 zuwa 4, jimilla 16, kuma mai ba da makin bai kamata ya san wane ɓera aka ba magani ba.

Ɗalibanmu da ke son gwada tsirran gargajiya ta wannan hanya, ku kula da zafi. Kolajin igiya ce mai tufka uku, kuma ɗumi kaɗan ke warware ta. Warwararre kuwa ba ya kawo ciwon. A garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, wuta kuma tana iya ɗaukewa da tsakar dare, wanda bai yi bugun nan a kan ƙanƙara ba zai shafe wata guda yana jiran kumburin da ba zai zo ba. Mazan ɓeraye sun fi kamuwa, amma suna faɗa, kuma cizo a ƙafa yakan yi kama da amosani. Idan ƙafafu suka kumbura, a sauko da abinci mai laushi ƙasan keji, domin dabbar tana jin zafi na gaske.

To ko an yi komai daidai, ba kowane ɓera ke kamuwa ba. Zuriyar da ake kira DBA/1, takwas zuwa goma cikin goma sukan kamu. Zuriyar BALB/c kuwa, allurar nan ɗaya, keji iri ɗaya, abinci iri ɗaya, amma da wuya ka ga ƙafa ta tashi. Bambancin yana cikin gado. A bayan wasu ƙwayoyin garkuwa akwai wani abu kamar faifai, wanda suke ɗora guntun abin da suka haɗiye a kai su nuna wa ƙwayoyin T, masu ba da umarnin yaƙi. Faifan DBA/1, da ake kira H-2q, ya dace da wani guntun kolajin, daga gurbi na 260 zuwa na 270, kamar an auna. Na BALB/c bai riƙe shi yadda zai tayar da fitina ba. A mutum ma haka ne: tun shekarun 1970 aka nuna wasu nau'o'in faifan mutum da ake kira HLA-DR, musamman DR4, suna ƙara haɗarin ciwon, kuma da aka dasa su a ɓeraye sai suka zama masu kamuwa.

Sai dai faifan shi kaɗai bai isa ba. Zuriyar SWR tana da H-2q, amma ba ta kamuwa, kuma daga cikin dalilan akwai rashin wani sinadarin jini mai suna C5, wanda ke kiran fararen ƙwayoyin jini zuwa gaɓa. Ga kuma ɓerayen SKG da Shimon Sakaguchi na Japan ya bayyana a 2003: harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gadon ZAP-70. A ɗaki mai tsananin tsabta suna zamansu lafiya. Da an yi musu allurar sinadarin bawon naman gwari, amosani ya tashi. Gado busasshiyar ciyawa ce, sai an samu mai ƙyasta ashana. A mutum, ashanar da aka fi tabbatarwa ita ce hayaƙin taba.

Idan wutar ta kama, ƙwayoyin garkuwa suna aika wa juna saƙo da wasu 'yan aike. TNF shi ne sankira, shi ke tara jama'a ya kawo kumburi da zafi. IL-1 ya fi cin guringuntsi. IL-6 ke sa hanta ta fitar da CRP ɗin nan da ake aunawa a asibiti, kuma ɓeran da aka cire masa shi ba ya kamuwa yadda ya kamata. RANKL kuma shi ke tayar da ƙwayoyin da ke gurgurar ƙashi. A 1991, a ƙasar Girka, an nuna ɓeran da ke fitar da TNF na mutum fiye da kima yana kamuwa da kansa ba tare da allura ba. A 1992, a Landan, Richard Williams da Marc Feldmann da Ravinder Maini suka toshe TNF a ɓeraye masu ciwon, kumburi ya lafa. Kafin ƙarshen shekarun 1990 maganin ya isa hannun marasa lafiya.

Ɓera dai ba mutum ba ne, kuma duk wanda ya ce muku ganye kaza ya warkar da amosani don ya sauke ƙafar ɓera, ku tambaye shi wace zuriya, ɓeraye nawa, wa ya ba da makin. Toshe IL-1 da wani ɗan aiken mai suna IL-17 ya yi abin mamaki a keji, amma a irin wannan amosani na mutane amfaninsa bai kai yadda aka zata ba. A ɓeraye maza suka fi kamuwa, a mutane mata sun ninka maza kusan sau uku.

Abin da ya fi shafar mu a arewacin Kamaru da Cadi shi ne, TNF ɗin nan shi ke riƙe katangar da jiki ke killace tarin fuka a cikinta. In aka toshe shi, tarin da ya kwanta shekaru yana iya farkawa. Don haka ba a fara allurar toshe TNF sai an yi hoton ƙirji da gwajin tarin fuka da na ciwon hanta nau'in B. Maganin farko kuwa har yau metotiresat ne, sau ɗaya a mako, ba kullum ba, domin shan sa kullum yana iya kisa, kuma mai ciki ba ta shan sa. Ƙwayoyin dekisametazon da ake saye a bakin hanya suna kwantar da zafi, amma in aka daɗe a kansu sukan kawo ciwon sukari da hawan jini, su rarake ƙashi. Wanda yatsunsa suka kai mako shida a kumbure, ya nemi likita ya auna masa jini tun gaɓar ba ta karkace ba.