Ba yadin da aka naɗe su ne ya hana gawar sarakunan Masar ruɓewa ba

Jama'a, barkanmu da warhaka. Tun da bidiyon gawarwakin sarakunan Masar ya fara yawo a wayoyi, tambaya ɗaya ake ta turo mana: wane irin yadi ne wannan, da ya tsare gawa fiye da shekara 3,000? To, ku biyo ni.

Nan Fusɗaɗ ne, tsohuwar Alƙahira, gidan tarihin wayewar Masar. Ranar 3 ga Afrilu 2021 aka kwaso gawa 22 daga gidan tarihi na Tahrir zuwa nan, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4. Mutum-mutumin dutse, tukwane, sarƙoƙin zinariya, duk mu wuce su, sai wani jiƙon. Ƙasa za mu sauka. Ga Ramsis na biyu, wanda ya yi shekara 66 a kan mulki. Ku dubi gashin kansa, yana nan.

Aikin gyaran gawar kwana 70 ne. A zaro ƙwaƙwalwa ta hanci da ƙugiya, a tsaga ciki ta hagu, a fitar da hanta da huhu da tumbi da hanji, kowanne da tulunsa. Tuluna huɗun nan da kuke gani ke nan. Zuciya kuwa a bar ta, don Masarawan dā sun yi imani za a ɗora ta a kan ma'auni da gashin tsuntsu bayan mutuwa. Ga zanen a jikin takardarsu, ku lura da yadda mai zanen ya zauna ya fitar da igiyoyin ma'aunin ɗaya bayan ɗaya. Ni dai zanen nan yana tsaya mini a rai.

Yanzu ga inda ake kuskure. Kafin a taɓa yadi, sai an binne gawar cikin kanwa. E, kanwa, 'yar'uwar wadda Inna ke jefawa a miyar kuka ko a tukunyar wake. Su tasu daga Wadi Naɗrun suke haƙo ta, wani kwari tsakanin Alƙahira da Iskandariyya. A cusa ta a ciki cikin ƙananan ƙunshi, a tula ta a waje, a bar gawar kamar kwana 40.

Me kanwar ke yi? Tsotse ruwa. Jikin mutum fiye da rabinsa ruwa ne, ƙwayoyin da ke ruɓar da nama kuma ba sa rayuwa inda babu laima. Duk wanda ya taɓa ganin an shanya kilishi ya san zancen. Da za a naɗe ɗanyar gawa da yadi mafi tsada, ruɓewa za ta yi a cikinsa.

Tun kafin fir'aunoni ma, yashi mai zafi yana wannan aikin da kansa. Akwai gawar wani mutum daga Jabalain, a kudancin Masar, a gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, ta haura shekara 5,000.

Sai jiki ya bushe ƙayau sannan a shafa mai da ƙaro, a naɗe da yadin lilin, ana cusa layu tsakanin ninki. Ku matso nan, wannan Seti na ɗaya ne, mahaifin Ramsis. Ku dubi fuskar, kamar mai barci.