Zanenka Naka Ne, Amma Da Me Za Ka Tabbatar?

Masu zane, masu ɗaukar hoto, masu tsara adon hula da na riga, ku matso kusa.

A Najeriya, da zarar ka sauke aikinka a kan takarda ko cikin kwamfuta, haƙƙin mallakarsa ya zama naka, ba sai ka cike wani fom ba. Haka Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 ta tanada. Dabarar da ke cikin kanka kuwa, doka ba ta kare ta sai ka fitar da ita. Haƙƙin zane yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, na hoton kyamara kuma shekara 50 ne daga fitowarsa.

To, mene ne amfanin rajista? Hujja. Ranar da ka ga zanenka a jikin rigunan wani a kasuwa, Babbar Kotun Tarayya za ta nemi shaidar cewa kai ka fara yinsa. Hukumar kare haƙƙin mallaka ta ƙasa, wato NCC, tana da shafin rajista a intanet. Ka buɗe asusu, ka rubuta sunan aikin, sunan wanda ya yi shi da shekarar da aka yi, ka ɗora kwafi, ka biya kuɗin, a ba ka takardar shaida. Ba dole ba ce, amma tana rage doguwar gardama.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen ajiya. Mutum ya ɗora zane a Facebook, ya goge na wayarsa don samun wuri. Alhali shafukan nan suna matse hoto, su rage girmansa, su cire bayanan ranar da aka ɗauka. Ka adana babban fayil na asali, da zanen fensir na farko, da hotunan aikin tun yana rabi. Ɓarawo yana da kammalallen zane, amma ba shi da waɗannan. Wanda za ka ɗora, ka rage girmansa, ka sa sunanka a tsakiya, don na gefe yanke shi ake yi.

Sai ciniki. Wanda ya sayi zanenka ya rataye a falo bai sayi ikon bugawa yana sayarwa ba. Miƙa haƙƙin mallaka sai a rubuce. Ko ɗan'uwanka ne, ku rubuta: kwafi nawa, a ina, zuwa yaushe, kuma nawa zai biya.