Abin da Ya Dace a Dasa a Bakin Tafkin Lambu

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani zaman masu lambu a Mai Wurno, jihar Sinnar ta ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum. Iyayena da 'yan'uwana masu lambu, na gode da wannan dama da kuka ba ni. Da yawa daga cikinmu sun haƙa ɗan tafki a cikin lambu ko a bayan gida, wanda maƙwabtanmu ke kira birka, kuma tambayar da aka fi yi mini ita ce wace shuka za a dasa a bakinsa. Amsata kullum tana farawa da wata tambayar: har ina ruwan yake kaiwa a watan Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40?

Ƙasarmu ta nan baƙar laka ce, wadda take kumbura idan ta sha ruwa, ta kuma tsattsage idan rani ya yi nisa. Wanda ya bar tafkinsa da laka zalla, gefensa zai riƙe danshi na taku ɗaya ko biyu. Amma wanda ya shafe nasa da siminti ko ya shimfiɗa leda, ya sani cewa ƙasar da ke bayan bangon busasshiya ce, ko da tafkin cike yake har baki. A nan ne mutane suka fi yin asara, domin sukan dasa shuka mai son ruwa a wurin da ido kaɗai ke ganin ruwa, saiwa kuwa ba ta samunsa. Maganin wannan shi ne a haƙa ɗan rami a gefen tafkin, a shimfiɗa leda da aka huhhuda, a mayar da ƙasa, sannan a karkato da ambaliyar tafkin ta riƙa zuba a ciki.

Idan an samu wannan dausayi, gwaza ce farkon abin da nake ba da shawara, wato ƙulƙas a bakin mutanen kasuwa. Tana jure wa ruwa ya kwanta a gindinta, faɗin ganyenta yana yi wa gaɓa inuwa, kuma a ƙarshe a ci. Sai dai tana son a kare ta daga ranar la'asar, sannan a hana yara tauna ɗanyenta saboda ƙaiƙayin da take sa wa a baki. Na'a-na'a ma tana son wurin, amma a dasa ta a cikin tukunya, domin saiwarta tana rarrafe har ta mamaye maƙwabtanta.

Wadda na fi ƙauna ita ce jema, ciyawar da dattawanmu suka sani tun daga fadamun ƙasar Hausa. Saiwarta ƙasa take nufa, ba ta yawo gefe, saboda haka tana ɗaure gaɓa kada ta zaizaye, kuma tana jure wa ambaliyar damina da ƙishirwar bazara duka. A irin ƙasarmu da ke sauya hali sau biyu a shekara, samun shuka mai wannan haƙuri ba ƙaramin abu ba ne. A cikin ruwa marar zurfi kuma, inda bai wuce tafin hannu ba, ana iya ajiye bardi a cikin tukunya, wanda Misirawan dā suka yi takarda da shi, kuma har yau shi ya cika fadamar Sudd da ke Sudan ta Kudu. Bado kuwa na tsakiyar ruwa ne, ba na baki ba.

Yanzu bari in tsaya a kan waɗanda nake roƙonku ku guje musu, kuma abin takaicin shi ne su ne suka fi saurin kamawa. Wardin Nil, wata ciyawa da ke yawo a kan ruwa mai fure shuɗi-shuɗi, asalinsa daga Kudancin Amurka ne, kuma tun ƙarshen shekarun 1950 da ya bayyana a Farin Nilu yake toshe hanyar jiragen ruwa da bakin famfuna har zuwa madatsar Jabal Auliya. Kachalla ma haka ta yi wa 'yan'uwanmu na Haɗeja da Nguru, inda ta cike hanyoyin ruwa bayan gina madatsar Tiga a 1974, manoma da masunta suka rasa wuraren sana'arsu. Abin da ya gagari kogi, tafkin mita uku ba zai iya da shi ba. Kainuwa kuma, ko da ana yi mata kirari da dashen Allah, akwai nau'in sauro da tsutsarsa ke maƙale wa saiwarta tana shaƙar iska daga nan. Shi kuma awir, wani tsiro mai dogayen rassa da wasu ke yin shinge da shi, guba ne ga awaki. Bagaruwa tana son ambaliya, kamar yadda muke gani a dazuzzukanta na bakin Shuɗin Nilu, amma itace ce babba, saiwarta za ta fasa siminti, ganyenta kuma ya ruɓe a cikin ruwa.

Akwai maganar lafiya, wadda ba zan tashi ban faɗe ta ba. Mu da ke zaune kusa da madatsar Sinnar, wadda aka kammala a 1925, mun san abin da tsargiya ta yi wa mutanen yankin noma na Jazira ta hanyar ƙananan dodon koɗi da ke ɓuya a ciyayin magudanan ruwa. Don haka duk shukar da aka ciro daga tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ko bakin kogi, a wanke saiwarta da kyau, a duba ƙarƙashin ganye saboda ƙwai, sannan a ajiye ta a bokiti na wasu makonni kafin ta shiga tafki. Kada a cika gaɓar da shuka har ta rufe. A bar fili inda iska za ta kaɗa ruwan, a kuma zuba 'yan ƙananan karfasa su riƙa cin tsutsar sauro.

Game da lokacin dashe, a jira ruwan Yuli ya sauka, ƙasa ta rufe tsagoginta. Taki kuma a sa kaɗan, nesa da baki, domin duk abin da ruwa ya wanke zuwa cikin tafki gansakuka zai ciyar. Wanda yake da tambaya a kan nasa tafkin, ya fara gaya mini ko na laka ne ko na siminti.