Mutumin da ke hawa jirgin ruwa ba tare da jirgin ya tsaya ba

Dubi buhun shinkafar da ke shagon unguwarku a Garwa, ko sabon babur a kasuwar Marwa, ko kwantenar da ta ƙetare gadar Ngeli daga Kusiri ta shiga Njamena. Galibinsu ta tashar jiragen ruwa ta Duwala a Kamaru suka shigo. Mun san direban tirela, mun san jirgin ƙasan da ke sauke kaya a Ngaundere. Amma akwai wanda ya riga su duka taɓa wannan kaya, kuma ba a cika ambatonsa ba: jagoran jirgin ruwa, wanda ma'aikatan tasha ke kira pilot.

Tashar Duwala ba a bakin teku take ba. Tana can cikin kogin Wuri, sai jirgi ya bi wata siririyar hanya mai kusan kilomita 50 kafin ya iso. Kogin kuwa kullum tara yashi da laka yake yi, shi ya sa ba a daina yashe hanyar. Wanda ya taɓa ganin mai kwale-kwale a Binuwai ko Logon da rani ya san zancen: ruwa shimfiɗe kamar tabarma, amma shi kaɗai ya san inda tudun yashi ya kwanta. Kyaftin ɗin da ya taso daga Sin ya san jirginsa, bai san Wuri ba. Baƙo ne, ko da idonsa ya kai kwano.

To ga yadda ake yi. Ƙaramin jirgi mai gudu zai ɗauki jagoran ya fita da shi. Da dare za ka gane shi da fitilu biyu, fara a sama, ja a ƙasa. Babban jirgin ba ya tsayawa. Yana rage gudu ne kawai, ya juya jikinsa ya tare iska, sai a sako tsanin igiya mai matakan katako. Nan ne wurin da raina ke tashi duk lokacin da na gani. Ƙaramin jirgi yana hawa yana sauka da igiyar ruwa, jagoran kuma yana jiran daidai lokacin da ruwa ya ɗaga shi, ya cafke tsani. Idan hawan ya wuce mita 9, doka ta ce a haɗa masa da matakalar ƙarfe. An sha rasa rayuka a wannan tsani, sau da yawa saboda igiyar da ba a ɗaure da kyau ba.

Da ya isa ɗakin tuƙi, sai a ɗaga tuta rabi fari rabi ja, alamar jagora na ciki. Kyaftin na nan da ikonsa, amma kunnen kowa na wajen jagoran: a karkata dama kaɗan, a rage, a jira ruwa ya cika. Jirgi ba shi da birki, tun da nisa ake lissafin tsayuwarsa. Kusa da tasha kuma ƙananan jiragen da ke jan manya su kama shi, su tura a hankali har ya jingina.

Tun 2018 manyan jirage na zuwa tashar Kribi, inda ruwa ya fi zurfi. Can ma sai da jagora.

Idan jirgi zai fita, shi ne dai zai raka shi har bakin teku, ya sauko ta wannan tsani, ƙaramin jirginsa na jira a ƙasa.